Koyon Sarewa a Cikin Gari: Katanga Ce ke Tare Sauti, Ba Katifa Ba

Sarewa abar busar daji ce. Da karan dawa ko gora ake yin ta, a huda mata ramuka huɗu, kuma makiyaya ne suka fi shahara da ita, suna busawa a bakin fadama inda babu mai sauraro sai shanu. A ƙasar Gobir, daga Sabon Birni zuwa Isa, wannan sarari ya ƙuntata. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankin, yaron da ke koyon sarewa a gari irin Unguwar Lalle ba zai ɗauki karansa ya nufi bayan gari shi kaɗai ba. Busa ta dawo tsakar gida, kuma a nan katanga ɗaya ce tsakanin mabushi da tsohon da ke barcin rana.

Sarewa ba ta da maɓallin rage murya. Sautinta yana fitowa ne idan iskar baki ta bugi gefen bakin karan ta rabu biyu, ta girgiza iskar da ke cikin kogon. Toshe ramuka yana tsawaita iskar mai girgiza, murya ta yi kauri. Buɗe su yana gajarta ta, murya ta yi siriri. Idan aka ƙara ƙarfin busa, sarewa takan tsallaka zuwa murya ta sama mai tsini, idan kuma aka rage shi da yawa sai sautin ya mutu. Ɗan koyo bai iya tsayawa a tsakani ba tukuna, shi ya sa busarsa ta fi ta gwani damun kunne.

Da ma'aunin desibel ake auna ƙarfin sauti. Hira tsakanin mutum biyu tana kai wajen desibel 60, kuma ƙarin desibel 10 kunne yakan ji shi kamar ninki biyu. A fili, duk sanda nisa ya ninka, sauti yakan ragu da kusan desibel 6. Busar da ta kai desibel 90 a nisan mita 1 za ta koma 84 a mita 2, ta koma 72 a mita 8. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a ƙa'idojinta na 1999, ta ba da shawarar kada hayaniya a ɗakin kwana da dare ta wuce desibel 30. Nisan tsakar gida kaɗai ba zai cike wannan giɓi ba.

A nan mutane da yawa suke ɓata wahalarsu. An ɗauka cewa idan aka jingina katifa a bango, aka rataya bargo, ko aka manna kwalin ƙwai, ɗaki ya zama kurma. Mai busa ya shiga ya ji muryar sarewarsa ta yi laushi, sai ya tabbata maƙwabta sun huta. Ba su huta ba. Abu mai laushi amsa-kuwwar cikin ɗaki yake shanyewa, wato sautin da ke dawowa daga bango zuwa kunnen mai busa. Hana sauti ƙetarawa aiki ne na daban, kuma nauyi ne ke yin sa: idan nauyin bango ya ninka, abin da ke ratsa shi yakan ragu da kusan desibel 5 zuwa 6. Kwalin ƙwai ba shi da nauyin da zai tare komai.

Saboda haka tsohon soro na ƙasa, mai kaurin bango da rufin azara, ya fi ɗakin bulo mai rufin kwano marar silin riƙe sauti. Dangar kara kuwa ido kawai take tsarewa. Ko bango mai kauri ma ba ya aiki idan akwai kafa, domin sauti kamar ruwa ne a tulu: kome kaurin tulun, ta 'yar hudar zai tsiyaye. Ƙarƙashin ƙofa, taga, da ratar da ke tsakanin bango da kwano, nan ne hanyarsa. Tsumman da aka cusa a gindin ƙofa ya fi barguna uku a jikin bango amfani. Mai sarewa ma ya yi sa'a, domin siririyar murya ta fi saurin tsayawa a bango fiye da rugugin ganga ko na manyan lasifika.

Bayan ɗaki sai lokaci. Sauti ya fi tafiya nesa da dare, ba don gari ya yi tsit kawai ba. Idan rana ta faɗi ƙasa takan huce, iskar da ke kusa da ita ta fi ta sama sanyi, sai sautin da zai tashi sama ya lanƙwaso ya dawo ƙasa. A daren hunturu abin ya fi fitowa fili. Ga kuma halin da yankin ke ciki: inda mutane ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, ƙara mai tsini da tsakar dare tana iya tayar da unguwa. Hantsi, ko bayan la'asar sa'ad da injin niƙa da babura ke aiki, shi ne lokacin da busa ke ɓacewa cikin hayaniyar gari. Lokutan salla, barcin rana da bayan isha'i na jama'a ne.

Yawancin koyon ma ba ya buƙatar ƙara. Ana iya horar da yatsu a kan ramuka ba tare da busa ba. Ana iya karkatar da iskar baki kaɗan daga gefen karan, a ji inuwar kowace murya cikin raɗa. Jan murya ɗaya mai kauri a hankali, muddin numfashi, shi ke gina ƙirji da leɓe, kuma shi ne mafi sauƙi ga kunnen maƙwabci. Sirarran muryoyi sai a ware musu ɗan taƙaitaccen lokaci da aka shaida wa maƙwabta tun da wuri, musamman gidan da ke da majinyaci ko mai jego.

Doka ba ta yi shiru ba. Hukumar kare muhalli ta Najeriya, NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin taƙaita hayaniya tun 2009, masu tsananta iyaka da dare fiye da rana. Sai dai ƙa'ida a takarda ba ta kashe janareta, kuma lasifikar biki da ke kwana tana ruri ta fi sarewar kara ƙara nesa ba kusa ba, amma da wuya a ji an tanka mata. A aikace, irin wannan ƙorafi a zauren mai unguwa yake ƙarewa, inda haƙƙin maƙwabtaka ne ma'auni. Abin da za a nema daga mai koyo bai wuce uku ba: ɗaki mai kaurin bango, ƙofa da taga a toshe, da lokacin da aka yi yarjejeniya a kai.