Ƙwayar bitamin da gigin tsufa: abin da bincike ya nuna

A kasuwannin Tasawa da Mayahi, mai tallar magani ba ya rasa ƙwayar da zai miƙa wa wanda ya ce tsohonsa ya fara mantuwa. Bitamin ce, in ji shi, tana wanke ƙwaƙwalwa. Maganar tana da tushe a ilimi. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Wannan aiki yana barin wasu sinadarai masu cin ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, bitamin C da E kuwa suna kashe musu kaifi. Sai masana suka yi zaton ƙarin bitamin zai tare gigin tsufa.

Da aka gwada, zaton bai tabbata ba. A Amurka, a wani gwajin da aka fitar da sakamakonsa a 2005, an ba masu ƙaramar mantuwa bitamin E mai yawa shekara uku, ba ta hana su kamuwa da gigin tsufa na cutar Alzheimer ba. A 2017 wani gwajin da ya haɗa maza fiye da 7,000 ya nuna bitamin E da selenium ba su kare kowa ba. Tun 1994 ma, a Finland, ƙwayar beta-carotene, wadda ita ma ake zaton tana kashe kaifin sinadaran nan, ta ƙara wa mashaya taba ciwon dajin huhu. Shi ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a sha bitamin B ko E don rigakafin gigin tsufa.

Abin da ke damuna shi ne kuɗin da ake zubarwa. Magidancin da ya sayar da tiyar gero ya sayi ƙwaya ya bar abin da ke gabansa: zogale, kuka, yakuwa, wake, da goribar Gulbin Kaba. Waɗannan suna ba jiki irin bitamin ɗin nan tare da sinadarin ƙarfe da sauran abubuwan gina jiki, a yankin da tamowa ta yi wa yara ɓarna a 2005.

Kwamitin mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na gigin tsufa. Hawan jini na ciki, da ciwon suga, da kurumta, da rashin karatu tun ƙuruciya. Hawan jini ba ya sallama, shekaru yake yi yana lalata ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, alhali awonsa a gidan likita bai fi minti biyar ba. Duk wanda ya haura arba'in a Kornaka ko Kanambakashe, gidan likita ya kamata ya fara zuwa.