Mai hoto ma sai da maigida

Ranar Sallah a ƙofar fadar Sarkin Musulmi, wayoyin da matasa ke ɗagawa sama sun fi kawunan dawaki yawa. Amma a duba abin da ke fitowa: farar babbar riga ta sha haske har aikin aska ya ɓace, fuskar mai ita kuwa ta nutse cikin inuwar rawani. Ranar Sakkwato ba ta wasa, kyamara kuma ba ta iya riƙe fari fat da baƙi wuluk lokaci guda, sai mai ita ya san inda zai tsaya da lokacin da zai danna. Wannan sanin shi ne sana'ar, kuma a gaban wani ake samunsa.

Manyan masu hoto na Afirka ta Yamma haka suka tashi. Malick Sidibé na Mali ya shiga shagon wani Bafaranshe, Gérard Guillat, a Bamako a 1955 a matsayin yaron shago, kafin ya buɗe nasa. A 2007 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a birnin Banis na Italiya. J.D. 'Okhai Ojeikere na Najeriya ya fara ne da wanke hotunan wasu a Ma'aikatar Watsa Labarai ta Ibadan a 1954. Daga 1968 ya duƙufa kan abu guda, wato kitson mata, ya yi ta ɗauka shekaru da dama har ya tara hotuna kusan 1,000. Da ya gaji a shekara ta biyu, da yau ba wanda ya san shi, da kuma wasu salon kitson sun tafi ba shaida.

Wani zai ce ai intanet ta maye gurbin maigida. Ta taimaka, babu musu, domin a can ne yaron unguwar Mabera zai ga aikin mai hoto Seydou Keïta na Mali ya nazarci yadda yake zaunar da mutum da yadda yake zaɓen zanen bango. Sai dai bidiyo ba ya duba aikinka ya ce maka sake. Ba ya kuma koya maka yadda ake sallama a majema, a gaisa, a nemi izini, a jira har mutum ya manta da kyamara, wanda a garin kunya da addini irin namu shi ne rabin aikin. Masu cewa zama ƙarƙashin wani yana kashe basira su dubi dukawanmu: kowane ɗan koyo da kwaikwayon yankan maigidansa yake farawa, amma daga baya hannunsa daban ake gane shi.

Abin ɗauka bai yi ƙaranci ba. Ga masu ziyarar Hubbaren Shehu, ga masu jimar fatar jan akuya, ga manoman albasa a fadama. Tsofaffin masu shagon hoto da suka yi aiki da fim ma suna nan cikin gari, wasu da akwatunan hotunan da ƙura ke ci. Matasa su je su zauna gabansu tun suna raye, Gidan Tarihi na Waziri Junaidu kuma ya nemi waɗannan akwatuna ya adana.