Makullin Ruwa: Mai Ƙofa ko Mai Ƙwallo, Wanne Za Ka Saya?

Tun bayan farin shekarar 1984 noman rani ya zauna da gindinsa a ƙasarmu. A Gulbin Maradi, da Majiya, da kwarin Tarka, da Koramar Damagaram, garake sun yawaita. A da, guga da ƙwarya ake ban ruwa. Yau garaka da yawa suna da moter, ko pampo mai aiki da hasken rana, da shato, da tiyo binne cikin ƙasa.

To, duk inda aka shimfiɗa tiyo, dole a sa abin buɗe ruwa da rufe shi. Masu gyaran pampo suna ce masa «van». Mu a nan za mu kira shi makullin ruwa. Ɗan ƙaramin abu ne, amma in ka zaɓi wanda bai dace ba, yana iya fasa maka tiyo daidai lokacin da albasa take sa kai. Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Ga bayaninsu.

Makulli mai ƙofa

Za ka gane shi da ɗan zoben ƙarfe da ke bisa kansa, wanda ake murɗawa. A cikinsa akwai faifan ƙarfe, shi ne ƙofar. Sanda mai barima ce ke riƙe da shi. In ka murɗa zoben, ƙofar ta hau sama, ruwa ya wuce. In ka maido, ƙofar ta sauko sannu sannu, ta zauna cikin wani ɗan rami, ta datse ruwan. Sai ka yi juyi da yawa kafin ya buɗe ko ya rufe duka. Galibi yana rufuwa ta hannun dama, yadda allurar agogo take tafiya, amma ka duba kibiyar da aka zana a kan zoben.

Amfaninsa babba shi ne wannan rashin gaggawa. Ko mai garaje ne ya kama shi, ba ya iya datse ruwa farat ɗaya. In kuma ya buɗe duka, hanya a sake take, ba abin da ke tare ruwa. A manyan tiyo kuwa, ya fi ɗan'uwansa araha da sauƙin murɗawa.

Illarsa rairai. In ruwanka yana ɗauke da rairai, sai ya taru cikin ramin nan da ƙofar ke zama. Ka rufe, amma ruwa na tsiyaya. In ka matsa da ƙarfi, barimar ta lalace, zoben ya yi ta juyawa a banza. Haka kuma in ya daɗe ba a taɓa shi ba, yakan cije.

Makulli mai ƙwallo

Shi kuma hannu gare shi, miƙaƙƙe. A cikinsa akwai ƙwallo mai santsi wanda aka huda daga wannan gefe zuwa wancan. Zobe biyu na wata farar roba mai ƙarko suna rungume da ƙwallon. In hudar ta dubi bakin tiyo, ruwa ya wuce. In ka karkata hannun, ƙwallon ya ba ruwa baya, ya tsaya cik. Kashi ɗaya cikin huɗu na juyi ya isa, shi ya sa masu butik ke ce masa «kar-da-tur».

Daga nesa kana sanin halin da yake ciki. In hannun ya bi tsawon tiyo, a buɗe yake. In ya gitta, a rufe yake. Yana rufewa ruf, ko da ya yi watanni ba a taɓa shi ba, kuma yana jure buɗewa da rufewa kullum.

Sai dai saurin nan nasa shi ne haɗarinsa.

Naushin ruwa

Ka yi wannan lissafi. Tiyo mai lamba 63, in tsawonsa ya kai metir 100, ruwan da ke cikinsa ya kai litir 250, ko ya ɗan fi. Litir guda na ruwa kilo guda ne. Ke nan kilo 250, ya fi tano cike nauyi, kuma yana gudu. Ka tuna amalanke ɗauke da tano yana gangara, a ce an jefa masa kututture a gaba. Me zai faru? Haka ruwa yake yi in an datse shi lokaci guda. Ba ya matsuwa kamar iska. Sai ya naushi makullin, ƙarfin ya koma baya cikin tiyo. Za ka ji ƙara, gau! Yau mahaɗi ya saki, gobe tiyo ya tsage a ƙarƙashin ƙasa inda ba ka gani. Gwargwadon tsawon tiyo da gudun ruwa, gwargwadon ɓarnar.

Don haka in makullinka mai ƙwallo ne, kar ka fizgi hannun. Ka ja shi sannu, kana ƙirga daga 1 zuwa 10 a ranka. Ka koya ma yara da ƴan aikinka haka. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi uku kafin ka je kasuwa

1. Sau nawa za a riƙa taɓa shi? In kullum ne, safe da marece, kamar a bakin kowane fage, ko wurin cika kwalba ta shayar da dabbobi, sayi mai ƙwallo. In kuwa sai ranar gyara ake rufe shi, mai ƙofa ya isa.

2. Yaya girman tiyon yake? Daga lamba 63 zuwa ƙasa, mai ƙwallo ya fi sauƙin samu da sauƙin aiki. Daga 90 ko 110 zuwa sama, kan babban layi, mai ƙofa ya fi dacewa.

3. Yaya ƙarfin ruwan da tsawon layin? A san cewa kowane metir 10 na tsayin shato yana ƙara ƙarfin da ruwa ke danna tiyo da misalin kilo guda a kan kowane santimetir murabba'i. In shaton dogo ne, layin kuma mai nisa, ko moter ce mai ƙarfi ke turo ruwan, sa mai ƙofa a gindin layi. Ƙananan masu ƙwallo su zauna a rassa.

Ka ga ke nan, garka guda tana iya bukatar duka biyun. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Kuskuren da ake yawan yi

Mutane da yawa sukan buɗe makulli rabi don su rage ruwa. Duka biyun ba don wannan aiki aka ƙera su ba. Mai ƙofa in an bar shi rabi, ƙofar tana kaɗawa, ruwa da rairai suna cin bakinta. Mai ƙwallo kuma, ruwan yana zaizaye farar robar nan. Bayan ƴan watanni ba wanda zai ƙara rufewa ruf. In kana son ruwa kaɗan kaɗan, kamar wurin rainon iri, ka sa robine a ƙarshen tiyo, don shi aikinsa ke nan.

Na biyu, kar ka sa makulli ka shaƙe moter ta wajen da take zuƙo ruwa. Makulli yana zama ta wajen fitar ruwa. Ko a can ma, kar ka bar moter tana aiki da daɗewa alhali an rufe duk hanyoyi. Ruwan da ke cikinta zai yi zafi, ya lalata mata kaya. Ka buɗe sabon fage tukuna, sa'an nan ka rufe wanda ya ƙoshi.

In ka isa butik

Ka tafi da guntun tiyonka, ko tsohon makullin. Na ƙarfe ana kiran su da lamba biyu: 15/21, 20/27, 26/34, 33/42, 40/49, 50/60. Na roba kuwa lambar tiyo suke bi: 32, 40, 50, 63.

In mai ƙwallo ne, buɗe shi ka leƙa. Akwai masu ƙaramar huda, sun fi araha amma suna rage ruwa. In ruwanka daga gajeren shato yake gangarowa, nemi wanda hudarsa ta yi daidai da cikin tiyo. Ka auna shi a hannu: na tagulla mai kyau yana da nauyi. Wanda ya yi sakayau, bakinsa yakan tsage wurin ɗauri. Araha ba ta ado. Na roba ba ya tsatsa, amma rana tana busar da shi har hannun ya karye. Ka gina masa ɗan akwati da bulo, ko ka rufe shi da tsohuwar tukunya.

Kula da shi

Ka ɗaura rariya a bakin tiyon zuƙo ruwa, kar kuma ya kwanta a kan rairan gindin rijiya. In ka buɗe mai ƙofa har ƙarshe, maido shi baya kamar rabin juyi don kar ya cije. In ya ƙi rufewa, kar ka sa masa guduma. Buɗe shi duka, ruwa ya wanke ramin, ka sake gwadawa. In yana ɗiga ta wuya, ɗan ƙara ɗaure notin da ke ƙarƙashin zoben. Da damina, lokacin da garka ke hutawa, ka riƙa buɗe kowane makulli kana rufewa ko sau ɗaya a wata. In kana tsoron yara ko dabba su ture hannun mai ƙwallo, kwance shi ka aje a gida.

Ku masu garkar ƙungiya, maza da mata, ku naɗa mutum guda mai kula da babban makulli, ku kuma aje guda na ajiya. Ku karanta wannan takarda a wurin taronku, don waɗanda ba su samu shiga ajin yaƙi da jahilci ba su ma su amfana. Allah ya ba mu rani mai albarka. Sai fitowa ta gaba.