Rikicin Masarautar Kano: Me Ya Sa Kotuna Suka Yi Ta Saɓa Wa Juna?

Duk wanda ke cin kasuwar Wudil ran Juma'a ya sha jin gardama a kan sarautar Kano. Wannan ya ce kotu ta ba wa sarki kaza gaskiya. Wancan ya ce a'a, kotu ta rushe wannan hukunci. Abin mamaki, sau da yawa dukansu gaskiya suka faɗa. Kowa da kotun da yake nufi, da ranar da ta yi magana. A wannan wata za mu warware muku zaren, ba tare da goyon bayan kowa ba.

Yadda abin ya faro

A watan Mayu na 2019, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a kan wata doka. Dokar ta ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu: Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye. Aka sa Wudil a ƙarƙashin Gaya. Abin ya shafe mu kai tsaye, domin Makaman Kano, wanda shi ne Hakimin Wudil, yana cikin masu zaɓen sarki huɗu na Kano. Su huɗun sun kai ƙara kotu a kan dokar.

A watan Nuwamba na 2019, Babbar Kotun Jiha ta soke dokar, don ba a bi ƙa'ida ba wajen kawo ta majalisa. Sai majalisa ta sake yin wata a watan Disamba. Ranar 9 ga Maris 2020 gwamnati ta tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu, ta naɗa Aminu Ado Bayero.

Da gwamnati ta canja, doka ma ta canja. Ranar 23 ga Mayu 2024 majalisa ta soke dokar 2019. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu, ya mayar da Sanusi. A watan Yuli na wannan shekara aka yi wata doka da ta kafa masarautun Gaya da Rano da Ƙaraye masu daraja ta biyu. Gaya ta sami ƙananan hukumomi uku: Gaya da Ajingi da Albasu. Wudil ba ta ciki.

Mene ne hurumi?

Ga kalmar da za ku riƙe: hurumi. Hurumi shi ne iyakar ikon da doka ta ba kotu. Kamar gona ne. Kowa da iyakarsa. Komai ƙwarewar manomi, ba ya shuka a gonar maƙwabcinsa. Haka alƙali. Komai iliminsa, idan ya yanke hukunci a kan abin da ba huruminsa ba ne, kotun sama za ta rushe hukuncin.

A Kano akwai manyan kotuna iri biyu masu kama da juna a suna. Akwai Babbar Kotun Jiha, akwai Babbar Kotun Tarayya. Babu wadda ke gaba da wata, kuma ɗaya ba ta rushe hukuncin ɗaya. Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa ayyukan ta Tarayya, kamar harajin gwamnatin tarayya da kwastan da bankuna. Kowace daga cikinsu kuma tana iya sauraren ƙarar tauye haƙƙin ɗan Adam, idan maganar ta faɗo cikin huruminta. Nan ne gizo yake saƙar.

Inda aka sami saɓani

Sarkin Dawaki Babba, Aminu Babba Ɗan'agundi, ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya da ke Kano. Ya ce sabuwar dokar ta tauye masa haƙƙi. Mai Shari'a Abdullahi Liman ya ce yana da hurumi. Ranar 20 ga Yuni 2024 ya soke matakan da gwamnati ta ɗauka bayan umarninsa na a dakata.

Gwamnatin jiha kuwa Babbar Kotun Jiha ta nufa. Ranar 15 ga Yuli 2024 Mai Shari'a Amina Adamu Aliyu ta hana Aminu Ado Bayero da sauran sarakuna huɗu kiran kansu sarakuna. Kun ga kotu biyu, magana biyu. Tun a ƙarshen Mayu ma, Alƙalin Alƙalan Nijeriya na lokacin, Olukayode Ariwoola, ya kira shugabannin kotunan biyu don su yi bayanin wannan karo da juna.

Ranar 10 ga Janairu 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce maganar sarauta ce, ba ta haƙƙin ɗan Adam ba, don haka Kotun Tarayya ba ta da hurumi. A watan Maris na 2025 kotun ta ce a dakata da aiki da hukuncin nata, tunda an kai maganar Kotun Ƙoli.

Ku kwatanta da wannan. Bayan an tuɓe Sanusi a 2020, an kai shi Awe a Jihar Nasarawa. A watan Nuwamba na 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ce korarsa da tsare shi sun saɓa wa Tsarin Mulki. Wannan maganar 'yancin mutum ce, ba ta rawani ba.

Darasi gare mu

Na farko, idan ka ji labarin hukunci a rediyo, yi tambaya uku. Wace kotu ce? Umarnin wucin gadi ne ko hukuncin ƙarshe? An ɗaukaka ƙara? Ku tuna shari'ar zaɓen gwamna. Kotun zaɓe ta cire Gwamna Abba a watan Satumba na 2023. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta amince a watan Nuwamba. Amma Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerarsa ranar 12 ga Janairu 2024. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Na biyu, hurumi ya shafi talaka ma. Idan kana da ƙarar gado ko aure ko iyakar gona, tambayi magatakardan kotu ko lauya inda ya dace ka kai ta. Wanda ya kai ƙara inda ba hurumi, ya yi asarar kuɗin mota da kwanakin noma. Idan hukunci bai yi maka ba, ɗaukaka ƙara da wuri, domin akwai wa'adi.

Na uku, kada mu bari gardamar manya ta zama faɗa a tsakaninmu. Dattawa ba su manta da ranar 10 ga Yuli 1981 ba. Saɓani tsakanin gwamnatin Abubakar Rimi da Sarki Ado Bayero ya jawo tarzoma a Kano. Aka ƙone gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara. Masarautun da Rimi ya ƙirƙiro, Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya rushe su a 1983. Doka takan canja, amma rai ba ya dawowa.

Wanda ya iya karatu, ya karanta wa 'yan uwansa wannan shafi. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.