Yadda Ake Zaɓen Kujerar Wasan Tseren Mota Na Kwaikwayo A Gida

Gabatarwa

Wasan tseren mota a kwamfuta ko a na'urar PlayStation ba baƙon abu ba ne ga yawancin ɗalibai. Sai dai akwai bambanci tsakanin wanda yake kishingiɗe a katifa yana latsa ɗan abin wasa da yatsu, da wanda ya haɗa sitiyari da birki da totur a ɗakinsa yana tuƙi tamkar a cikin mota. Wannan na biyun shi ake kira tseren mota na kwaikwayo. A wannan maƙala zan yi bayani a kan ɓangaren da masu sayen kayan wasan suka fi mantawa da shi, wato mazaunin direba. Idan na ce mazaunin direba, ina nufin kujerar da mutum zai zauna tare da firam ɗin da yake riƙe da sitiyari da fedoji. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, ƙarfin sitiyarinsa da na birkinsa su ne suke fara zaɓa masa kujera, sannan jikinsa, sannan ɗakinsa da aljihunsa. Kyawun launi kuwa, shi ne na ƙarshe.

Taƙaitaccen Tarihi

A watan Disamba na shekarar 1997 ne kamfanin Sony ya fitar da wasan Gran Turismo a ƙasar Jafan, ƙarƙashin jagorancin Kazunori Yamauchi. Wasan ya yi ƙoƙarin kwaikwayon yadda motocin gaske suke tafiya a kan titi. A shekarar 2008 Sony da Nissan suka ƙirƙiro gasar GT Academy domin zaƙulo direbobi daga cikin masu wasan. Lucas Ordóñez ɗan ƙasar Sifen ne ya lashe ta farko, kuma a 2011 ya zo na biyu a rukuninsa a tseren awa 24 na Le Mans da ke Faransa. Jann Mardenborough ɗan Birtaniya ya lashe gasar a 2011, kuma a kan rayuwarsa aka gina fim ɗin Gran Turismo na 2023. Haka kuma Max Verstappen, wanda ya ci gasar Formula 1 sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, sananne ne wajen yin tsere a manhajar iRacing daga gida. Wannan ya nuna mana cewa wasan ya kusanci tuƙin gaske, don haka zaman da mutum zai yi ma dole ya kusanci zaman direba.

Me Ya Sa Kujera Take Da Muhimmanci?

Sitiyarin wannan wasa yana da injin lantarki a cikinsa. Injin yana turjewa, yana jijjiga, yana kuma fizgar hannu, domin ya sanar da direba abin da tayoyin mota suke ciki. Ana auna ƙarfin wannan murɗawa da ma'aunin niyuton-mita. Logitech G29, wanda ya fito a 2015 kuma da shi mutane da yawa suke farawa, ƙarfinsa bai wuce niyuton-mita 2 da 'yan kai ba. Thrustmaster T300 yana kusa da 4. Akwai kuma irin da ake ɗaura sitiyarin kai tsaye a kan injin ba tare da bel ko haƙoran giya ba. Daga cikinsu Fanatec CSL DD na 2021 yana ba da 5 ko 8, Logitech G Pro na 2022 yana ba da 11, Simucube 2 Pro kuma yana kaiwa 25.

Domin a fahimci waɗannan alƙaluma, a ɗauki sitiyari mai faɗin santimita 30. Niyuton-mita 2 daidai yake da a rataya nauyin kusan kilo ɗaya da rabi a gefensa. Idan 10 ne, nauyin ya kusa kilo 7. Idan kuwa 25 ne, ya kai kusan kilo 17, kuma wannan nauyi yana juyawa hagu da dama cikin ƙiftawar ido. Firam ɗin da ba shi da ƙarfi zai riƙa lanƙwashewa yana rawa, sai saƙon da ya kamata ya iso tafin hannu ya ɓace a cikin rawar ƙarfe. Ke nan an biya kuɗin sitiyari mai tsada, amma ba a more shi ba.

Maganar birki ma ta fi wannan. Birkin fedoji masu araha yana auna nisan da feda ta nutse ne. Masu inganci kuwa suna ɗauke da ma'aunin matsi, wato suna auna ƙarfin da ƙafa ta danna, kamar yadda birkin mota yake. Misali, ma'aunin da ke cikin Thrustmaster T-LCM yana ɗaukar har kilo 100. Kamar yadda aka koya mana a darasin kimiyya a sakandare, duk abin da ka tura shi ma yana tura ka. Idan ka danna birki da ƙarfin kilo 40, bayanka zai danna kujera da irin wannan ƙarfi. Kujerar ofis mai tayoyi sai ta gangara baya, mai laushin jingina kuma sai ta lotsa. Gwanintar tsere tana cikin maimaita matsi iri ɗaya a kwana ɗaya, zagaye bayan zagaye, kuma ƙafa ba za ta iya haddace wannan matsi ba muddin kujera tana motsi.

Ire-iren Mazaunin Direba

Na farko shi ne tebur da kujerar gida. Ana maƙala sitiyari a bakin tebur, a ajiye fedoji a ƙasa. Ya wadatar ga mai G29 da yake farawa, musamman idan ya jingina fedojin da bango, ya kuma yi amfani da kujera marar tayoyi.

Na biyu shi ne matokarin sitiyari, wato ƙaramin firam mai riƙe sitiyari da fedoji kawai, ba tare da kujera ba. Ana iya naɗe shi a jingine bayan ƙofa. Wasu suna zuwa da wurin da ake saka tayoyin kujerar ofis domin kada ta gudu.

Na uku shi ne mazauni mai naɗewa, kamar Playseat Challenge na wani kamfanin ƙasar Holan, ko GT Lite na Next Level Racing da ke Ostireliya. Kujerarsa ta yadi ce da aka ɗaura a kan bututun ƙarfe, kusan irin kujerar shan iska. Ya dace da ɗan ƙaramin ɗaki irin na ɗalibi, amma idan sitiyari ya yi ƙarfi sosai, sai a ga yana rawa.

Na huɗu shi ne firam ɗin bututun ƙarfe da ba ya naɗewa. Ya fi na uku ƙarfi. A nan sai a lura da inda aka kafa ginshiƙin sitiyari. Wasu, kamar Playseat Evolution, ginshiƙi ɗaya gare su a tsakanin ƙafafu, wanda yakan tare wa ƙafa hanya idan ana sauyawa tsakanin kuloci da birki da totur. Wanda yake da ginshiƙi biyu, hagu da dama, ya fi sauƙin aiki.

Na biyar shi ne firam ɗin sandunan alminiyum masu kwarmi a kowane gefe, irin waɗanda ake haɗa injinan masana'antu da su. Ana samun masu kaurin milimita 40 da 80, ko 40 da 120, ko 40 da 160. Kamfanonin Sim-Lab da Trak Racer sun yi suna a kansa. Tun da noti yana iya zamewa a cikin kwarmin, ana iya matsar da kowane ɓangare zuwa inda ake so, a kuma ƙara mariƙin giya ko na talabijin daga baya. Shi ne ya fi ƙarfi, shi ne kuma ya fi nauyi da tsada, kuma galibi ba ya zuwa da kujera.

A ganina, mai sitiyarin da bai wuce 4 ba zai iya tsayawa a kan ukun farko. Mai 5 zuwa 8 ya nemi firam ɗin ƙarfe mai kauri. Daga 10 zuwa sama, ko kuma da zarar an sayi birki mai ma'aunin matsi da niyyar danna shi da ƙarfi, to alminiyum ko ƙarfen da aka yi wa walda mai kyau shi ne mafita.

Kujerar Kanta

Akwai zaɓi uku. Na ɗaya ita ce kujerar tsere mai siffar bokiti, wadda kamfanoni irin su Sparco da OMP na Italiya da Recaro na Jamus suke yi. Ƙwarya ɗaya ce ta faiba, ba ta da gaɓa, don haka ba ta lotsawa ko kaɗan. Matsalarta ita ce gefunanta dogaye ne kuma faɗinta ba ya sauyawa, mai jiki zai iya jin ta matse shi. A tuna cewa an yi waɗannan gefuna ne domin riƙe direba idan mota ta sha kwana da gudu, abin da ba ya faruwa a ɗaki. Wani abin sani shi ne, kujerun da suke bin ƙa'idar hukumar FIA mai lamba 8855-1999, shekara 5 kawai aka yarda a shiga gasa da su. Bayan nan masu su kan sayar da su da rangwame, kuma ga mai wasa a gida babu abin da ya same su.

Na biyu ita ce kujera mai jinginar da ake kwantarwa a tayar. Tana da daɗin zama, kuma mutane masu tsawo daban-daban za su iya amfani da ita. Sai dai gaɓar da ke haɗa mazauni da jingina ita ce lagonta. Kafin a saya, a zauna a tokare ƙafa da bango a tura da ƙarfi. Idan jinginar ta ja baya, haka za ta yi duk lokacin da aka taka birki.

Na uku ita ce kujerar mota ta gwanjo, wadda ake samu a kasuwannin kayan gyaran mota kamar Ladipo a Legas ko Ƙofar Ruwa a Kano. Ni dai ita na fi ba ɗalibi shawara, domin an ƙera ta ne don a yi awoyi ana zaune, kuma tana zuwa da ƙarfen da take zamewa gaba da baya a kai. A guji mai aiki da lantarki, domin tana da nauyi kuma sai an nema mata wuta mai ƙarfin bolt 12. A duba ƙafafunta, saboda a motoci da yawa na hagu da na dama ba tsawonsu ɗaya ba. Idan kuma akwai jakar iska ta kariya a gefenta, a bar makaniken da ya san aikin ya cire ta, domin abu ne mai fashewa. Ta fuskar rufi, yadi ya fi leda ko fata a yanayin zafi irin namu, don kuwa leda tana tara gumi kuma tana saurin ɓarewa.

Salon Zama Da Awon Jiki

Salon zama iri biyu ne suka fi shahara. A salon GT, mutum yana zaune kusan a miƙe kamar a motar gida, ƙafafu suna ƙasa da ƙugu. A salon Formula kuwa, kusan a kwance yake, dugadugansa sun ɗaga sun kai daidai ƙugu ko sun wuce. Wanda zai riƙa tuƙa motoci iri-iri ya zaɓi GT, domin ya fi sauƙin shiga da fita, kuma bai cika gajiyar da wuya ba. Akwai mazaunin da yake sauyawa tsakanin salon biyu, kamar F-GT na Next Level Racing.

Ga yadda ake gane ko awo ya yi daidai. A manna kafaɗu a jikin jingina a miƙa hannu. Ya kamata wuyan hannu ya sauka a saman sitiyari. Idan an riƙe sitiyari ta gefe da gefe, gwiwar hannu ta kasance a lanƙwashe. Idan an danna birki har ƙarshe, gwiwar ƙafa ma ta rage da ɗan lanƙwasa, kuma ƙugu kada ya ɗaga daga kujera. Tsakiyar talabijin ta yi daidai da ido, a kuma matso da ita kusa da bayan sitiyari. Wanda ya yi sakaci da wannan awo, ciwon baya da na gwiwa ne za su raba shi da wasan tun kafin ya iya.

Ɗaki Da Aljihu

Mazaunin da ba ya naɗewa yakan ci kusan mita ɗaya da rabi a tsawo, ban da wurin talabijin. Saboda haka a auna ɗaki da ƙofa tukuna. A kuma tabbatar ramukan noti na farantin sitiyari da na fedoji sun dace da kayan da ake da su, domin kowane kamfani da nasa tsarin. Mai son sandar giya ya duba ko ana iya ɗaura ta a hannun dama, kamar yadda take a motocinmu tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972.

Firam ɗin da aka yo odarsa daga waje yana da nauyi, ga kuɗin dako ga na kwastan. Don haka mai walda na unguwa zai iya fitar da mutum kunya. Shawarata ita ce a fara sayen kujera, a ɗora ta a kan katako, a jera fedoji da sitiyari har a sami zaman da ya yi daidai, sannan a auna a kai wa mai walda. A yi amfani da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu mai kauri. Kujera da fedoji su hau kan gindi ɗaya domin kada su rabu idan an taka birki, a kuma tokare ginshiƙan sitiyari da ƙarfe a karkace. A nemi ya yi ramuka da yawa a jere domin a iya matsar da abubuwa daga baya.

Kammalawa

Mun ga cewa mazaunin direba shi ne yake isar da saƙon sitiyari zuwa hannu, shi ne kuma yake ba ƙafa damar koyon birki. Kafin mai karatu ya zaro kuɗi, ya tambayi kansa ƙarfin sitiyarin da yake da shi da wanda yake shirin saya nan gaba, da irin birkinsa, da salon zaman da jikinsa zai jure, da kuma filin da ɗakinsa zai ba shi. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma kuma sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Ɗalibi mai G29 a ɗakin haya ba ya buƙatar alminiyum. Kujerar gwanjo mai kyau da firam ɗin da ba ya rawa sun ishe shi.