Me Ya Sa Aka Shiga da Wanda Ya Zo Bayanmu?

 Yau za mu taɓo ƙorafin nan da ake yawan yi: "Mun riga su zuwa asibiti, amma aka shiga da su aka bar mu a kan benci." To 'yar'uwa, ba kullum ne sanayya ke jawo haka ba. A sashen gaggawa ba a bin layi irin na wurin niƙa, wanda ransa ya fi shiga haɗari shi ake fara dubawa.

Wannan shi ake kira tantance marasa lafiya. A tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, kashi 3 ake yi. Ja, shi ne wanda numfashinsa ke sarƙewa, ko jini ke kwarara, ko ya fita hayyacinsa. Rawaya, yana bukatar kulawa da wuri. Kore kuwa zai iya jira. Da nas ta ce wannan ja ne, sai a kira likita, da masu ƙarin jini, da masu tiyata, su haɗu a kansa lokaci guda.

Kuskure iri biyu ake yi. Ko a tara ma'aikata a kan ƙaramin rauni, ko a raina babba. Na biyun shi ke kisa, shi ya sa ƙungiyar likitocin tiyata ta Amurka ta ce kada irinsa ya wuce 5 cikin 100.

To ina naki a ciki? A bakinki. A ce yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ko babur ya buge shi a hanyar Dabai. Ba jini a jikinsa, ya lafe ya yi shiru, alhali jini na iya zuba a cikin ciki ko cikin kai. Mai tsala ihu ma sau da yawa ya fi shi sauƙi. Don haka da kun isa babban asibitin Zuru, ki faɗa wa nas abin da ya faru, da ƙarfe nawa, ko ya suma, ko ya yi amai, da duk abin da aka ba shi a gida, har jiƙo. Mai juna biyu da ta faɗi ta ga jini, ta ajiye kunya ta faɗa tun daga ƙofa. In kuna jira kika ga ya canja, tashi ki sake magana.

Kafin ku fita, danne wurin da ke jini da tsabtataccen ƙyalle. Kada ki ba shi abinci ko ruwa, kada a jijjiga wuyansa.

Ki kuma sani, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin duba wanda ke cikin halin gaggawa, ta 2017 kuma ta ce a yi wa wanda aka harba magani ko babu takardar 'yan sanda.

Wani raunin sai an tura Birnin Kebbi ko Sakkwato, tafiyar kuwa da nisa. Saboda haka tun yau ki zauna da maigida, ya ba ki izinin fita in irin haka ta faru yana gona ko kasuwa, ku kuma tsayar da wanda zai kai ku.

Allah ya tsare mana zuri'a. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.