Buhun da ke lungu shi ke cin riba

A shekarata ta uku ina riƙe da mangazar kawuna a Adjamé na tafka asarar da har yau in na tuna sai cikina ya juya. Watan Yuni ne, lokacin da ruwan Abidjan ba ya ɗagawa. Muka janye buhunan gaba don mu yi shara, sai ga buhu 18 na shinkafa a jikin bango sun yi funfuna. Ashe duk motar da ta zo, a bakin ƙofa 'yan dako ke jibge kaya, mu ma daga nan muke ba mai saye. Na lungu kuwa suna nan tun kafin azumi.

Kawu bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ɗana, ɓarawo bai shigo ba. Kai ka ajiye su suka lalace." Kuɗin da za mu aika wa iyali a Madawa ke nan suka tafi.

Daga ranar muka sake tsari. Kowane buhu yana kan katako, ba ya taɓa ƙasa, ba ya taɓa bango. Kowace mota da ta sauke, sai a rubuta ranar da alli a gefen jerinta. Wanda ya riga shiga shi ke riga fita, ko da yaro zai sha zufa kafin ya kai gare shi. Mai, sukari da tumatirin gwangwani, da ake nema kullum, su ne kusa da ƙofa; da yamma a cike gurbinsu, kada a bari sai mai saye yana tsaye.

Abu na biyu shi ne sanin ranar yin oda. Ban jira sai na ga kaya sun yi ƙasa. Ina lissafa abin da ke fita kullum, in ninka shi da kwanakin hanya, in ɗora ɗan ƙari don ko-ta-kwana. Shinkafa daga manyan 'yan sari na Treichville take zuwa, kusa da tashar jirgin ruwa. Gada kawai za a haye a ratsa Plateau, yini guda ya isa in cunkoso bai tsananta ba. Albasar Galmi kuwa sai ta ratsa Burkina Faso, ta haye iyaka biyu. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 mun ga yadda hanya ke ƙara tsawo ba shiri. Amma albasa ba ta jure laimar garin nan, don haka gara mu haɗa mota da abokan sana'a, kowa ya ɗauki kaɗan akai-akai.

Ɗan'uwa, yau kafin ka rufe, ɗauki tocila ka leƙa bayan buhunanka. Na ƙarshen nan, yaushe ya shigo?